A bar wa masu shimfiɗa a ƙasa wurinsu a kasuwannin Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan abin da na sani. Ni mai abincin sayarwa ce a Tudun Wada, shinkafa da miya da rana, tuwo da dare, yau shekara 17 ke nan. Duk abin da zai shiga tukunyata ni nake zuwa in zaɓo da hannuna. Matan unguwa, musamman amaren da aka kawo daga wasu garuruwa, ba su rasa tare ni da tambaya: "Yaya, wace kasuwa ce ta fi kayan miya a Kaduna?" Amsar da nake ba su ce na kawo maka, kuma akwai roƙo a cikinta.

In kwando kake so, ka tafi Bakin Dogo. Nan motoci ke sauke kayan gwari, nan kuma yawancin masu teburin da ke cikin unguwanni suke sari. Tumatir daga ƙasar Zazzau, wajen Hunkuyi da Ikara da Soba, wani daga Kadawa ta Kano ko Ɗanja ta Katsina. Albasa daga Sakkwato da Aliero. Kabeji da karas da dankalin Turawa daga Jos. Amma kasuwa ce mai lokaci. Da sanyin safiya ake kama fara: ina idar da sallar asuba nake fita, don in tarar ana kwance igiyar mota. Wanda ya bari sai hantsi ya ɗaga, abin da masu sari suka tsallake zai samu, ga rana ta fara dafa kayan a cikin kwando.

Sai dai arhar Bakin Dogo ba ta kowa ba ce. Ka biya ɗan baro ya fitar maka da kaya bakin titi, ka biya keke ya kai ka gida, tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa kuɗin keke ba abin rainawa ba ne. In damina ce, ka shirya wa taɓo har idon sawu. Matar da za ta yi miyar mutum biyar, in ta lissafa duk wannan, gara ta saya wajen mai tebur na bakin layinsu. Abin da nake gaya wa maƙwabtana shi ne su haɗu su huɗu ko biyar, su tara kuɗi, mutum ɗaya ya je ya ɗauko kwando a raba da robar fenti. A layinmu mun fi shekara uku muna haka, ba mu taɓa yin faɗa a kai ba.

Kwando kuma yana da fuska, yana da ciki. Na taɓa sayen wani a wata kasuwa da ba zan ambata ba, samansa jawur, manya-manya, kamar a ci ɗanye. Da na juye shi a tsakar gida sai ga rabinsa ya fashe ya yi ruwa, har da tsami. Ranar sai da na ci bashi na yi miya. Abin ya yi mini ciwo, don mai kayan dattijo ne mai furfura, ya kuma rantse mini. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi hani da algus. Daga ranar ba na biyan kuɗi sai na sa hannu ta gefen kwando na taɓa na ƙasa, na kuma duba gindinsa ko yana ɗiga. Mai gaskiya ba ya hanawa. Ba kuma kullum ne laifin mai sayarwa ba, in faɗi gaskiya. Kwandon da aka ɗora wani kan wani tun daga Kano, na ƙasa dole ya matse. Shi ya sa in na ga wanda aka zubo a akwatin roba nake fifita shi ko da ya ɗan fi tsada.

Wanda ya san kan tumatir ya san watanninsa. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani ya nuna gaba ɗaya, har roƙonka ake yi ka ɗauka. Lokacin nake sayen irin tumatirin nan mai tsoka da ake kira yutisi, in yanka in shanya a kan tabarma mai tsabta in yi kauɗa, tattasai ma haka. Daga Mayu kuma sai ya yi fukafukai. Ba na mantawa da 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Kauɗar da na ajiye ce ta riƙe mini sana'a a wannan shekarar, ita ce kuma ta sake fid da ni a farkon daminar 2024.

Amma in ka tambaye ni inda zuciyata take, Malam Edita, Kawo ce ranar Talata. Ba don ta fi arha a komai ba, wani lokaci albasar can ta fi ta Bakin Dogo kuɗi. Abin da ke kai ni shi ne mutanen ƙauye da ke shigowa daga ƙasar Igabi, ta wajen Rigachikun da Birnin Yero da ƙauyukan da ke bayansu, kowa da abin da ya tsinko a gonarsa jiya da yamma ko yau da asuba. Ba su da rumfa, ba su da tebur. Buhu ne a shimfiɗa a ƙasa, a kasa kaya kashi-kashi. A wajensu ake samun zogalen da bai kwana ba, da rama da yakuwa, da kuɓewa 'yar ƙarama wadda kana karya bakinta za ka ji ƙas, da gauta da yalo, da kabewar da ta ƙosa a jikin uwarta. Daddawar kalwa ta gaske, wadda ba a haɗa da waken suya ba, a can nake samu. Kuka ma koriya shar, ba wadda ta sha rana ta koma ruwan ƙasa ba.

Akwai wata tsohuwa da na fi shekara goma ina sayen ganye a hannunta. Ina isa za ta ce, "'Yata, kin makara yau, amma na ɓoye miki naki." Sai ta ɗaga gefen zani ta fito da damin zogalen da ta ware. In na ce, "Inna, a rage mini," ta ce albarka, mu ɗan ja, in biya, sannan ta ƙara mini gyara da ta fi abin da na nemi a rage. Wata Talata ta hana ni sayen alayyafonta da kanta. Ta ce jikanta ya yi masa feshi shekaranjiya, in bari sai mako mai zuwa. Ta yi asarar cinikina a ranar don kada in ciyar da mutane abin da zai cuce su. Wa zai gaya maka haka in kayan sun bi ta hannun mutum huɗu kafin su iso gare ka? Dillali bai san ranar da aka yi feshi ba, mai sari bai sani ba, mai tebur balle. Wanda ya shuka ne kaɗai ya sani.

Kasuwar Litinin ta Kakuri, a ƙetaren kogi, nakan je ta sau ɗaya a wata. Can nake ɗauko manja da doya da garin rogo, da citta irin ta Kaciya, da acca in an samu. Matan Gbagyi da ke kawo kayan gonarsu can su ma a ƙasa suke shimfiɗawa, kuma cinikinsu ba wahala: abin da suka faɗa, kusan shi ne. Kayan marmari kuwa sai kasuwar da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda ake sauke lemun Binuwai da ayaba da abarba daga kudu. Abin da zan ce wa mata a nan, ko'ina suka sayi ayaba ko mangwaro, su lura. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi kan masu nunar da 'ya'yan itace da sinadarin kabayit na masu walda. Ayabar da ta yi rawaya fes alhali wuyanta kore ne, ba ƙamshi, ni dai ba na kai wa yarana.

Da rani kuma, in ina son salak da alayyafo da lansir, nakan tsallake kasuwa gaba ɗaya in gangara lambunan bakin kogin Kaduna, wajen Rafin Guza. A gabanka za a tuge, a girgije ƙasar. Sai dai ina duba inda mai lambun ke jan ruwa. Wanda injinsa ke cikin kogi daban, wanda ya tare kwatar unguwa daban, na biyun ko kyauta ya ba ni ba na karɓa. Kowace shekara kuma in na je sai in ga gini ya ƙara cin wani yanki na fadamar.

To ga roƙona. Mun ga yadda aka rushe Kasuwar Barci a 2020 don a sake gina ta, an kuma taɓa wasu kasuwannin garin nan. Ban ƙi gini ba. Ni da nake tsoma ƙafa a taɓo kowace damina, ina son daɓe da magudanar ruwa da banɗaki fiye da kowa. Amma shago mai ƙofar ƙarfe na mai atamfa ne da mai kayan masarufi. Tsohuwar da ke zuwa sau ɗaya a mako da zogalen da bai fi ƙarfin kanta ba, da me za ta kama shago? In ba a ware mata wuri ba, bakin titi za ta koma, a kore ta, gobe ta sayar wa dillali a ƙauye a kan abin da ya ga dama, ni kuma in saya a hannu na uku ya yi yaushi. Ina roƙon masu kula da kasuwanni da shugabannin 'yan kasuwa, duk inda za a gyara kasuwa a bar fili buɗaɗɗe mai inuwa da famfo, na manoma da matan ƙauye, su biya ɗan kuɗin rana da ba zai gagare su ba, da rasit, ba tare da wani ya zo ya sake karɓa ba. Masu lambun bakin kogi su ma a ba su gefe a ciki.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Kuna kawo mana farashin dala da na fetur. Ku riƙa kawo mana na kwandon tumatir da buhun albasa da solon attarugu kowane mako, daga Bakin Dogo da Kawo da Kakuri, don mace ta san abin da za ta tarar kafin ta biya kuɗin keke. Ka turo wakilinka Kawo ranar Talata mai zuwa, ya zo kafin ƙarfe 10, ya wuce rumfuna ya je can inda ake shimfiɗa buhu, ya tsuguna ya tambayi matan nan nawa suka biya mota, nawa aka karɓa a hannunsu kafin su zauna, nawa kuma za su koma da shi gida.

Na gode da wannan fili.

Mai karanta jaridarku,
wata mai abincin sayarwa,
Tudun Wada, Kaduna