Barka da Salla daga Burusel

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida a Birni,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Salla, Allah Ya karɓi azuminmu, Ya maimaita mana. Na san yanzu kun sauko daga idi, yara sun ruga ƙofar fada kallon hawan Sarki. Mu a nan cikin wani zaure muka yi idi, daga nan kowa ya wuce wurin aiki. Goron Salla yana hannun Auta.

Baba, labarin jikarku nake so in ba ku, takwarar Inna. Kun san yadda take da nauyin baki, a lakwal ma haka, sai a wuni ba a ji muryarta ba. To bana mushensu ya ba su haddar wata gajeruwar waƙa ta Maurice Carême, a kan kyanwar da ta buɗe ido rana ta shiga, ta rufe ido rana ta zauna a ciki, wai shi ya sa idon kyanwa ke haske da dare. Yarinyar nan ta miƙe gaban aji ta kawo ta tsaf. Tun ranar kullum sai ta nemi a karanta mata wata.

Mutumin ɗan Beljiyam ne, an haife shi a Wavre a 1899. Malamin firamare ne a Anderlecht, nan cikin Burusel, har 1943 da ya ajiye alli ya koma rubutu kaɗai. Ya rasu a 1978, gidansa yanzu wurin tarihi ne. Ni abin da ya sa nake ganin girmansa, ba ya raina hankalin yaro. Kalmominsa ƙanana ne, ba ya cika waƙa da faɗa ko gargaɗi, kuma da ka ji ka san ya daɗe a gaban allo yana sauraron yadda yara ke magana. Yayanta ma, da ya fara jin kansa saurayi, na tarar da shi yana karanta waƙoƙin da mutumin ya rubuta wa mahaifiyarsa, waɗanda suka fito a 1935. Ban ce masa komai ba, amma wallahi na ji daɗi.

Abu ɗaya ke damuna: duk da Faransanci suke haddar nan. Inna, waƙoƙin reno da kike yi mana, da na gaɗa, da na tashe, ko ɗaya yaran nan ba su sani ba, ni kuma rabi-rabi nake tunawa. Don Allah idan hidimar Salla ta lafa, Auta ya ɗauki muryarki ya turo ta WhatsApp. Zan rubuta musu a littafi su haddace kafin mu zo hutu.

A gaida Gwaggo da su Kawu na Zango, a ce ina yi musu barka da Salla.

Naku ɗa.