Baba Fasto, in tilasta wa ɗana zaman addu'a ko in ƙyale shi?

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Fasto, sannu da aiki. Na daɗe ina sauraron shirinka ina ƙaruwa da amsoshin da kake ba wasu, yau dai na ce bari in kawo nawa kukan.

Shekararmu 19 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Tun suna ƙanana muke taruwa kowane dare kafin barci, mu yi waƙa, mu karanta aya, maigidana ya rufe da addu'a. Har Joshuwa 24:15 muka rataya a bango, inda ya ce shi da gidansa Ubangiji za su bauta wa. Rubutun yana nan, zaman ne ya fara watsewa. Maigidana ya canza aiki, sai dare ya yi nisa yake dawowa a gajiye, ya ce in riƙa ja musu addu'ar. Ƙananan biyu ba su da matsala. Babban, mai shekara 17, shi ne damuwata.

Ba ya rashin kunya, kada in yi masa ƙarya. Sai dai in an kira shi ya zo ya zauna kamar an ɗaure shi, ido a kan waya. Watan jiya na yi masa faɗa, ya dube ni ya ce, “Mama, in ba daga zuciyata ba ne, wa nake ruɗi, ke ko Allah?” Na rasa ta cewa.

Tun ranar nake neman gida irin namu a Littafi Mai Tsarki, kuma maimakon in huta sai na ƙara rikicewa. Labarin Eli yana hana ni barci. Ai ya yi wa 'ya'yansa Hofni da Finehas magana, ba shiru ya yi ba, duk da haka a 1 Sama'ila 3:13 laifin da Allah ya kama shi da shi shi ne bai kwaɓe su ba. Ƙarshenta rana ɗaya suka mutu. In na tuna wannan sai in ce dole yaron nan ya zauna, ko yana so ko ba ya so. Da na buɗe Luka 15 kuma, ga uban da ya raba wa ƙaramin ɗansa gado ya bar shi ya tafi. Bai bi shi ba, jira ya yi, da ya hango shi daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi. To Baba, wanne zan bi? Shi kansa Sama'ila da ya tashi a gaban Ubangiji tun yana yaro, 'ya'yansa Yowel da Abiya ba su bi hanyarsa ba. Wannan ban san ko ta'aziyya ce gare ni ko ƙarin tsoro ba.

Abin da nake yi yanzu na Ayuba ne, wanda yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya domin kowane ɗansa. Nakan tashi kafin kowa in kira sunan yaron a gaban Allah. Wata 'yar'uwa ta tuna mini da Timoti, wanda bangaskiyarsa ta biyo ta hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Gaskiya ne, amma uban Timoti Bahelene ne, nawa mijin kuwa mai bi ne. Ina zargin yaron ya ga babansa ya daina zama ne, shi ma ya ɗauka addu'ar dare ta mata da yara ce.

Shin in ci gaba da kiransa ko in bar shi har ya zo da kansa? In na ƙyale shi, me zan ce wa ƙannensa da suke kallo? Kuma ta yaya zan yi wa maigidana wannan magana ba tare da ya ji kamar ina tuhumarsa ba?

Allah ya ƙara maka hikima.

'Yarka cikin Almasihu,
Wata uwa mai sauraro