Gurbin da mai rubuta bayanan likita yake bari ba kasawa ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wata sana'a da ake ta tallata wa matasanmu a Facebook da WhatsApp, wato sauraron muryar likita da aka naɗa a mayar da ita rubutu. Masu tallar suna cewa duk wanda yake da kwamfuta da intanet, kuma yatsunsa suke da sauri, ya samu hanyar cin abinci. Na yi shekaru ina wannan aiki a ofishin wani asibiti mai zaman kansa, kuma abin da na sani shi ne saurin bugu ne mafi ƙanƙantar abin da ake buƙata.

Likita ba ya zama ya yi magana dalla-dalla kamar mai karanta labarai a rediyo. Yakan naɗi bayaninsa bayan ya fito daga tiyata a gajiye, ko yana tafiya a baranda ana ta hayaniya a bayansa, wani lokaci ma da abinci a bakinsa, sai ya haɗiye ƙarshen kalma ya wuce abinsa. Mai rubutu kuma yana zaune da abin sauraro a kunne, ƙafarsa a kan feda yana mayar da muryar baya, yana ƙoƙarin tantance ko "hypo" aka ce ko "hyper", alhali na farko yana nufin abu ya yi ƙasa, na biyu kuma ya yi sama. "Ileum" ƙarshen ƙaramin hanji ne, "ilium" kuma ƙashin ƙugu, amma a kunne babu abin da ya raba su. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, domin ko a rubuce ya ga "gari" sai ya duba sauran jimlar kafin ya san na zama ake nufi ko na tuwo. Sai dai akwai inda jimlar ma ba ta ceto: "dysphagia" wahalar haɗiya ce, "dysphasia" matsalar magana, kuma mai shanyewar ɓarin jiki yana iya fama da kowacce daga cikinsu, ko duka biyun.

Sunayen magunguna sun fi komai haɗari. Chlorpropamide na ciwon suga ne, chlorpromazine kuwa na taɓin hankali. A Amurka, a shekarar 1990, sai da aka sauya sunan maganin gyambon ciki Losec zuwa Prilosec saboda ana rikita shi da Lasix, mai fitar da ruwa daga jiki. Idan har masana haɗa magunguna sun rikice da takarda a gabansu, ina ga wanda kunne kaɗai yake dogaro da shi?

Ba zan manta da wani yammaci ba, da wani likita ya faɗi adadin maganin prednisolone da za a sallami marar lafiya da shi, na kasa rabe ko miligiram 15 ya ce ko 50, domin a Turanci ƙarshen kalmar ne kawai ya bambanta su, shi kuma daidai nan ya yi tari. Na mayar da muryar baya sau takwas, na rage mata gudu, na saurari bayanin har ƙarshe ko zai maimaita, kamar yadda likitoci sukan yi idan sun zo tsarin magani, amma bai maimaita ba. Na duba fayil ɗin marar lafiyar, na duba littafin magunguna, sai na tarar ana bayar da kowanne daga cikin adadin biyu, gwargwadon ciwo. Abokiyar aikina ta saurara ta ce 50 ta ji, ni kuma zuciyata ta fi kwanciya da 15. Daga ƙarshe na bar gurbi, na rubuta minti da daƙiƙar da kalmar take, na mayar masa. Washegari ya cike gurbin yana mita, wai an riƙe masa takarda a kan kalma ɗaya. 15 ne, amma dacewar da na yi ba ta ba ni ikon rubutawa ba, tunda ban ji ba.

Wanda yake ganin na cika tsanani ya dubi abin da ya faru a jihar Alabama ta Amurka a 2008. Likita ya faɗi awo 8 na insulin ga wata mai ciwon suga, aka rubuta 80 a takardar sallamarta, wadda aka buga a Indiya domin can aka kai kwangilar aikin. Aka yi mata allurar yadda aka rubuta, ta rasu. A 2012 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya iyalanta dala miliyan 140. Sifiri ɗaya ne tak. Irin wannan ne ya sa tun 2004 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitocin Amurka, ta hana rubuta harafin U a madadin awon insulin saboda ana karanta shi a matsayin sifiri, ta kuma hana rubuta 1.0 domin idan ɗigon ya ɓace sai ya koma 10.

Za a ce mini yanzu na'ura ce take wannan aiki, kuma akwai gaskiya a ciki. A 2021 Microsoft ya sanar da sayen Nuance, kamfanin da yake yin manhajar Dragon mai mayar da magana rubutu, a kan kusan dala biliyan 20, kuma da yawa daga cikin masu sana'ar sun koma masu gyara abin da manhaja ta rubuta. Amma gyaran ya fi yaudara, domin manhaja ba ta jin nauyin cike gurbi da abin da ta ga dama. Takan ajiye kalma mai kyan rubutu, babu jan layi a ƙarƙashinta, ido ya wuce ta lafiya lau, alhali ba ita aka faɗa ba. Haka ma neman kalma a Google: idan mutum ya rubuta ta a karkace zai samu dubban shafuka da suka karkace irin nasa, ya ɗauka ya tabbatar. Ƙamus na likitanci da jerin magunguna na hukuma su ne abin dogaro. A ƙara da cewa kamfanoni da dama suna biya ne a kan kowane layin rubutu, wanda aka saba ƙiyasta shi a haruffa 65, saboda haka duk mintin da mutum ya tsaya bincike daga aljihunsa yake fita, kuma nan ne kwaɗayin yin cinke yake shigowa.

Saboda haka ina kira ga masu horar da matasa su daina ɓoye musu cewa sai sun koyi sassan jikin ɗan Adam da tushen kalmomin Latin da Girkanci kafin su taɓa bayanin marar lafiya, su kuma koya musu riƙon sirri, domin abin da ke cikin fayil amana ne. Likitocinmu kuma, don Allah, su riƙa faɗin haruffan sunan magani ɗaya bayan ɗaya, su faɗi adadi lamba-lamba, sannan su karanta takarda kafin su sa hannu. Asibitocin da suke shirin sayen manhaja su tanadi wanda zai bi rubutun da muryar a kunnensa, kuma kada a rage masa ko kwabo idan ya dawo da takarda da gurbi a cikinta.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar sashen bayanan marasa lafiya,
Kaduna.