Makarantar da gonar wani ɗan kasuwa ta riƙe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi wa masu karatu bayanin wata makarantar kuɗi da ke birnin Boston na Amurka, wato Roxbury Latin.

Wani limamin coci mai suna John Eliot ne ya kafa ta a 1645, shekara tara bayan kafuwar Jami'ar Harvard, don ta shirya yara shiga jami'a. Tun daga lokacin ba ta taɓa rufewa ba. A 1927 ta koma unguwar West Roxbury, inda take har yau. Maza zalla take ɗauka, kusan 300, daga aji bakwai zuwa na sha biyu, wato matakin sakandare, kuma har gobe dole ne kowane ɗalibi ya karanta Latin, harshen Romawan da.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne wasiyyar Thomas Bell, wani ɗan kasuwa da ya bar wa makarantar filayensa domin karatun 'ya'yan talakawa. Irin wannan dukiya, wadda mu za mu kira waƙafi, ita ce ta ba makarantar ƙarfin ɗaukar yaro bisa ƙwazonsa ba tare da an leƙa aljihun ubansa ba.

Ni malamin makaranta ne. Na ga yaro mai kaifin basira tsaye a bakin ƙofa da jakarsa a hannu, an koro shi saboda kuɗin zango. Ina roƙon attajiranmu su sa makarantu a cikin wasiyyarsu.

Naka,
Wani malamin sakandare, Zariya