Na'urar aka ƙanƙanta, ba tsagar ƙirji ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na lafiya na daren Laraba ya ɓata mini rai. Mai gabatarwa ya yi ta nanata cewa da dabarar tiyatar zuciya da ƙaramar na'ura ba sai an buɗe ƙirji ba. Ba haka ba ne, ranka ya daɗe. Abin da aka ƙanƙanta shi ne na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu lokacin tiyata. Yawancin manyan da ake yi wa aiki da ita ana raba musu ƙashin ƙirji kamar kowa, a zuba wa zuciya ruwa mai sinadarin fotashiyam ta tsaya cak. Yanzu mai ciwo zai je wa likita da tsammanin ɗan huji, in an faɗa masa gaskiya ya ce ɓoye masa ake yi.

A tsarin da aka saba, tun nasarar likita Gibbon, wanda ya ƙera na'urar, a Amurka a 1953, jini yana fita daga gefen dama na zuciya ta tiyo, ya zuba cikin tanki, famfo ya tura shi ta huhun roba, ya koma babbar jijiya. Kafin a jona sai an cika tiyon da ruwa wajen lita 1.5 zuwa 2, alhali jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba. Jinin sai ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa, ga gogar roba da iska da ke tayar da kumburi a jiki.

Ƙaramin tsarin rufaffe ne. Tiyo gajere, an shafe cikinsa da abin da jini ba ya kamawa, ba buɗaɗɗen tanki, ruwan cikawa ƙasa da lita 1. Jinin da ya zuba a ƙirji a tsotse shi daban, a wanke, sannan a mayar. Ribar ita ce raguwar ƙarin jini, kuma duk wanda ya ga dangi a ƙofar asibiti a Kaduna suna buga waya neman mai ba da leda biyu ya san darajar wannan. Ko kalma ɗaya ba ku ce a kai ba.

Haɗarin ma kun tsallake shi. Tankin nan shi ke tare kumfar iska. In babu shi, ɗinkin da ya riƙe tiyo a zuciya ya ɗan saki, famfo zai zuƙo iska, kumfar kuwa in ta kai ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa dole a sa na'urar gano kumfa da mai cire ta a layin da ke ɗauko jini, kuma mai kula da na'ura, likitan sa barci da mai fiɗa su riƙa magana kowane lokaci. Jini ya yi ƙasa, babu ajiya a tanki, sai a karkata gado ko a ƙara ruwa nan take. Heparin kuma, maganin hana jini daskarewa, ana ba da shi a wannan tsarin ma, a warware shi da wani magani, protamine, a ƙarshe.

Sannan don Allah, tallar maganin gargajiya mai wanke jijiyoyin zuciya da kuka sa ana gama shirin, wa ya amince da ita? Murfin zuciyar da ciwon maƙogwaro ya lalata tun yarinta babu jiƙon da zai gyara shi. Ku cire ta, ku kuma gyara wancan kuskuren a shiri mai zuwa.

Mai sauraronku,
Tudun Wada, Kaduna.