Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Sashen Harhaɗa Laburare daga Tushe

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Galibin aikin sashen a bana ya ƙare ne kan tsofaffin laburaren harshen C (tarin lambobin da manhajoji ke aro) da suka daina harhaɗuwa, wato juyuwa daga rubutun tushe zuwa abin da na'ura ke gudanarwa, alhali ba wanda ya taɓa ko layi ɗaya a cikinsu. Kayan aikin ne suka ƙara tsanani.

CMake 4.0, kayan aikin da ke shirya harhaɗawa, ya fito a watan Maris, kuma yana tsayawa tun a matakin shiri idan lambar da ke cikin `cmake_minimum_required` ta gaza 3.5. Ana iya wucewa da `-DCMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5`, amma faci ne kawai. Mu layin muke gyarawa a CMakeLists.txt, mu tura wa masu kula da laburaren.

GCC 15, manhajar da ke yin harhaɗawar, na watan Afrilu, ya koma bin C23, sabon tsarin harshen C, in ba a ce masa ya bi wani ba. A can `bool` kalmar harshen ce, don haka tsohon `typedef int bool;` ba ya shiga. Haka nan `int f()` yanzu na nufin f ba ya karɓar komai. Sanya `-std=gnu17` a CFLAGS, zaɓuɓɓukan da ake miƙa wa GCC, yana mai da shi tsohon tsarin, ya kwantar da duka biyun.

Wanda ya fi cin lokacinmu shi ne wanda ba ya nuna wata alama. Tun GCC 14, kiran aikin da ba a gabatar da shi ba kuskure ne, ba gargaɗi ba. Ƙananan gwaje-gwajen da tsohon `configure`, rubutun da ke binciken na'ura kafin harhaɗawa, ke yi sukan faɗi a kan wannan, sai ya ɗauka na'urar ba ta da abin da yake nema, ya kashe wannan ɓangaren na laburaren shiru. Laburare ya harhaɗu lafiya lau, amma da giɓi. Shi ya sa muka wajabta duba `config.log` da gudanar da `make check` kafin girkawa.

Koken da mambobi suka fi kawowa tsoho ne: an yi `make install`, manhaja ta ce ba ta ga fayil ɗin laburaren (.so) ba. A Debian `ldconfig`, umarnin da ke sabunta jerin laburaren na'ura, ya wadatar. A Fedora sai an ƙara /usr/local/lib cikin /etc/ld.so.conf.d tukuna.

Dokar da muka kafa bayan an gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa a ƙunshin xz (manhajar matse fayiloli) 5.6.0 da 5.6.1 a 2024 tana nan: a kwatanta ƙunshin da aka sauko da abin da ke ma'ajiyar tushensa ta git, a sake samar da `configure` da `autoreconf -fi`. Laburaren da ke amfani da Meson, wani tsarin shirya harhaɗawa, ba mu kai gare su ba, sai baɗi in Allah ya kai mu.