A Dawo da Tsarin Bin Sawu da Shaidar Dabba a Kasuwanninmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan yadda iyayenmu a ƙasar Zamfara suke kamo ɓarawon dabbobi a da.

In aka wayi gari babu sa a turke, abu na farko shi ne a hana yara da awaki tattake wurin. Wani lokaci har ƙwarya ake kifawa a kan sawun ɓarawon kada iska ta share shi. Sai a yi kuwwa, a kira masu bin sawu, galibinsu mafarauta ne ko Fulanin da suka tsufa a kiwo. Tun raɓa ba ta bushe ba suke fita. Sun san bambancin saniyar da ke kiwo da wadda ake kora: ta kiwo tana ratsewa tana tsinkar ciyawa, wadda ake kora kuwa takunta dogo ne, kashinta a warwatse bisa hanya. Daga ɗanyantakar kashin suke gane ko ɓarawo ya yi nisa. In ya shiga gulbi don ya ɓad da sawu, sai su rabu biyu, kowane rukuni ya bi gaɓa ɗaya har a ga inda ya fito. Fako da burtali su ne masu wahala, don sawu yakan ɓace ko ya gauraye da na wasu garkuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da dattawanmu ke faɗi, cewa in sawu ya shiga gari, nauyin ya koma kan dagacin garin. Ko ya nuna inda sawun ya fita, ko ya nemo mai laifi cikin mutanensa. Saboda haka ba garin da ke son ya zama maɓoyar ɓarawo.

Amma a ganina ba idon mai bin sawu kaɗai ke kama ɓarawo ba, rashin wurin sayarwa ne. Kowane garke da shaidarsa, tsagar kunne ko lalas a cinya. Kafin ranar kasuwa an kai cigiya wurin Ardo da Sarkin Fawa da dillalai. A karar Talata Mafara ko Shinkafi baƙo ba ya sayar da sa sai ta hannun dillalin da ya san shi, kuma wanda ya ci la'ada shi za a riƙe in magana ta taso. Wanda aka kama, dogarai su kai shi gaban alƙali, a kawo shaidu ko a yi rantsuwa. An sha zaluntar baƙo a kan zato, wannan gaskiya ne, amma ƙa'idar ita ce a kai mutum shari'a da ransa.

Na san ɓarayin yau da bindigogi suke zuwa bisa babura, su kore garke sukutum. Sawun a fili yake, sai dai ba mai iya bin sa cikin dajin Kuyambana da sanda. To amma shanun nan ba a daji ake cinye su ba, tirela ke kwasar su. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi, talakan da ke sayar da akuya ya sayi hatsi ya sha wuya ƙwarai. Ni dai da za a ji tawa, a bar kara a buɗe, amma kada a loda dabba sai da takardar dagacin inda ta fito da sunan dillalin da ya tsaya mata.

Ina kuma roƙonku ku tura wakilinku Anka da Gummi da Maru ya zauna da tsofaffin masu bin sawu, a rubuta iliminsu tun suna raye.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Talata Mafara, Jihar Zamfara